Ciyawar Bakin Raga

Shekara goma sha tara Mai Ciyawa yana aiki a babban filin wasa na garin, amma da za ka tare shi ka ce ya faɗa maka sunan ɗan wasa ko guda ɗaya, sai dai ya kalle ka ya wuce. Shi ba ƙwallo yake kallo ba. Ƙafafu yake kallo, da ɓarnar da suke yi masa. Idan wani ya zura ƙwallo ya ruga ya zame a kan gwiwoyinsa wai shi murna, mutum dubu arba'in su miƙe suna ihu, shi kuwa yana tsaye a bakin layi yana auna tsawon tabon da sakaran ya bari, yana jan tsaki.

Da hannunsa ya dasa ciyawar nan, tun filin yana jar ƙasa da tsakuwa. Ya san inda ruwa yake kwanciya, ya san kusurwar da inuwar rumfar 'yan kallo take hana ta tofo, ya san cewa bakin ragar gabas ya fi ko'ina wahalar sha'ani, don sau uku yana mutuwa yana tayar da shi kafin ya kama. Matarsa takan ce ko ɗiyarsu ba ta sha lallashin da wannan wurin ya sha ba. Bai taɓa musa mata ba.

To, sai ga shekarar da kulob ɗin garin ya yi abin da ba wanda ya zata. Ya doke wannan, ya doke wancan, har ya kai wasan ƙarshe na gasar manyan kulob-kulob na ƙasashe, aka kuma ce a filinsu za a buga. Gari ya haukace. Mutanen da ba su san ƙwallo zagayayya ce ko mai kusurwa ba suka wayi gari suna tsara wa koci 'yan wasa. Kan gaba a wannan hauka shi ne mijin ɗiyarsa, wani mai gyaran wayar hannu da ake ce wa Sharhi, don bakinsa ba ya hutawa. Bai taɓa buga ƙwallo ba ko a lungu, ga tumbi, amma sai ka ji yana cewa "mun matsa musu", "mun gaji a ƙarshe", kamar da shi aka yi gumin.

Duk wannan da sauƙi. Babbar masifar ita ce Manaja.

Manajan filin shekararsa biyu da zuwa. Kafin nan otal yake riƙe da shi, kuma har yanzu kallon otal yake yi wa filin: in an share ƙofar shiga an goge kujerun manyan baƙi, shi ke nan aiki ya kammala. In ya taka ciyawa sai ya ɗaga ƙafa ya duba takalminsa. Shi ne ya kwana ya tashi da dabarar cewa wasa irin wannan ba zai yiwu ba sai da gagarumin biki kafin a take, da mawaƙa da masu rawa ɗari biyu. Masu rawa kuwa sai sun yi gwaji, gwaji sai da dandamali, dandamalin kuma duk faɗin filin nan ba a ga inda ya dace da shi ba sai bakin ragar gabas, wai don nan ne hoto ya fi kyau.

Mai Ciyawa ya je ofis ya tsaya, hula a hannu, ya yi bayani a tsanake. Ya ce ciyawa rai gare ta, in aka danne ta da katako kwana biyu za ta jure, in ya wuce haka za ta shaƙe. Manaja yana latsa waya ya ce masa kwana biyun ne ma, Baba, kada ka damu.

Kwana tara katakon ya yi.

Da aka ɗage shi ana jibi wasa, Mai Ciyawa ya durƙusa a wurin. Wuri mai faɗin ɗaki huɗu ya koma rawaya fatau, ya kwanta luf. Ya sa wuƙarsa ya ɗago ɗan yanki ya duba ƙasan. Saiwar tana nan da ranta, ta dai galabaita. Ya yi hamdala. In aka bar ta da rana da ruwa da iska, mako biyu ya isa ta miƙe. Za a yi wasa a kanta lafiya lau, muni kawai za ta yi a talabijin.

Munin nan shi ne abin da Manaja ba zai iya ɗauka ba. Jami'in gasar, wani dogon baƙo mai yawo da takarda a hannu, ya zagaya filin ya tsaya a wurin ya girgiza kai ya rubuta wani abu. Girgiza kan nan kaɗai ta hana Manaja cin abinci. Wani ya tsegunta masa cewa a manyan filaye akwai wani ruwan kala da ake fesa wa ciyawa ta yi kore shar. Gaskiya ne akwai shi, Mai Ciyawa ma ya san da shi, ba ya cutar da komai, sai dai ba a samunsa a garin, kuma ba zai iso cikin kwana biyu ba. Amma Manaja kalma ɗaya ya riƙe a zancen, wato kore. Ƙanin matarsa kuwa yana da shagon fenti.

Ranar wasa da hantsi sai ga mota ta shigo har bakin layi, aka sauke bokitai goma sha biyu na fentin bango, irin wanda ake shafa wa ɗakin kwana. Masu fenti uku suka sauko da rola da injin feshi, suna ta waige-waige suna neman bangon.

Mai Ciyawa ya sha gabansu. Wannan karon bai cire hula ba.

"Ranka ya daɗe, wannan zai kashe ta. Zai toshe ta ne ruf, rana ta dafa ta a ciki. In ya kwana a kanta, sai dai a kankare wurin a sake shuka."

"Baba, ƙasashe hamsin za su kalli filin nan yau," in ji Manaja. "Ciyawa ce fa. Ba mutum ba."

Ya ƙara da cewa fentin zai zauna har jami'an gasar su bar gari ranar Laraba, kada a je su gane. Ban ruwan da aka saba yi a hutun rabin lokaci yana cikin takardar jami'i, don haka dole a yi shi, amma a rufe layin da yake kai ruwa gabas. Da an tashi wasa kuma a kawo masa makullin ɗakin famfo ya ajiye a wurinsa, don ya san halin tsofaffi.

Haka ya tsaya yana kallo aka yi wa ciyawarsa fenti. Masu fentin ma, a ba su haƙƙinsu, sun yi aikin da suka iya: hannu biyu suka yi mata, suka bi gefe-gefe suka daidaita kamar za a kafa labule. Koren ya fito wani irin kore mai ƙyalli da Allah bai taɓa halittar ganye da shi ba. Manaja ya hau can saman rumfa ya leƙo, ya ɗaga babban yatsa. Jami'in gasar ya zo wucewa a gurguje, waya a kunne, ya hango kore daga nesa ya yi alama a takardarsa. Ga masana.

Ƙarfe huɗu aka take wasa. Fili ya cika har ba masaka tsinke, Sharhi yana can cikin 'yan ganga ya shafa wa fuskarsa kalar kulob, babba da shi, mai 'ya'ya biyu. Mai Ciyawa yana zaune a kan bokiti a ƙofar ɗakin famfo, daga inda yake hango ragar gabas. A zagayen farko golan gida ne a wurin. Saman fentin ya bushe ya yi ɓawo, duk inda golan ya taka sai ya fashe, ɗanyen da ke ƙasa ya leƙo. Rana kuwa ta buɗe sosai. Shi ya san abin da ke faruwa a ƙarƙashin ɓawon nan, yana jin sa a ƙirjinsa kamar shi aka rufe wa hanci.

Ya yi lissafinsa. Fentin na ruwa ne, cikinsa bai gama kamawa ba. In ya samu ruwa mai ƙarfi yanzu, mafi yawansa zai narke ya bi magudana, ciyawar ta samu ta yi numfashi. In aka kai gobe, an gama. Makulli kuma da an busa tashi zai bar hannunsa. Abin da ya rage masa a duniya minti goma sha biyar ne na hutun rabin lokaci. Ya san in ya buɗe layin nan asirin Manaja zai tonu a gaban ƙasashe hamsin ɗinsa, kuma ba Manaja za a kora ba. Ya tuna shekara ɗaya ta rage masa ya yi ritaya da mutuncinsa. Tsoro ya kama shi sosai.

Aka tafi hutu ba ci. Ya shiga ɗakin famfo ya buɗe layukan yamma da na tsakiya kamar yadda aka ce. Ya tsaya a gaban na gabas. Sai ya yi bisimilla ya murɗe shi har ƙarshe, ya rufe ƙofa ta ciki ya sa sakata.

Minti biyar takarda ta ce. Goma sha uku ya ba ciyawar. Yana jin ana dukan ƙofa, yana jin muryar Manaja tana kiran Baba, Baba, daga baya ta koma kiran wasu sunaye da ba a faɗa wa sa'an uba. Bai buɗe ba sai da ya ji alƙalin wasa ya fito.

Da ya leƙa, wani koren ruwa yana gangarowa daga bakin raga zuwa magudana, ta ƙarƙashinsa kuma ga rawayar ciyawarsa tana ɗago kai nan da can. Wallahi bai taɓa ganin rawaya mai kyan wannan ba. Manaja yana gefe yana huci, ya ce masa ya tattara komatsansa, gobe ya zo ya karɓi takardarsa ta sallama. Ya ce to.

Abin da bai shiga lissafinsa ba ko kaɗan, don shi ba ruwansa da wa ke cin wa, shi ne an canja gida. Yanzu golan baƙi ne a gabas, wani ƙato sanye da fararen kaya tun daga wuya har safa, wanda aka ce duk gasar sau biyu kacal aka ci shi. Wurin kuwa ya zama kamar an zubar da miya a kan siminti. Mutumin ya yi ta nuna wa alƙali ƙasa, alƙali ya zo ya taka da ƙafa ɗaya, ya dubi agogo, ya dubi rumfar manyan baƙi, ya ce a ci gaba.

Saura minti bakwai a tashi, har yanzu ba ci, ɗan bayan baƙi ya mayar wa golansa ƙwallo a hankali, irin wadda ko jaririn da ya fara tafiya zai tare. Golan ya ɗaga ƙafa zai doka. Ɗaya ƙafar ta ce ba da ni ba. Ya tafi sama ya dawo ta baya, tim, ƙwallo ta wuce shi tana gangarawa kamar mai jin kunya, ta shige raga ta kwanta. Ya miƙe kore tun daga ƙeya har dunduniya.

Ba wanda ya buga ta. Duk 'yan wasan gida goma sha ɗaya, da albashinsu da gashinsu mai kala, ba wanda ya kusance ta. Amma ka ga yadda suka ruga suna dukan ƙirji suna nuna sama, ɗaya har da zamewa a kan gwiwa. Da haka aka ci kofin.

Baƙi suka kewaye alƙali, kocinsu ya kwaso fenti a tafin hannu yana bin jami'in gasar da shi. Jami'in ya duba takardarsa, ya ga da hannunsa ya sa alamar cewa fili ya yi, sai ya soke takardar a aljihu ya ce sakamako ya tabbata. Mai Ciyawa bai tsaya kallon wannan ba. Ya ɗauko cokalin haƙa da tiyo, yana jiran a watse ya shiga ya huda wurin ya ƙarasa wanke shi kafin a karɓe makulli. Korarre ne, amma ciyawar za ta rayu, kuma a ransa cinikin bai yi muni ba.

Sai aka busa tashi, shinge ya faɗi.

Mutane suka kwararo cikin fili ta ko'ina. Ya zaci wurin 'yan wasa za su, ko wurin kofi. Wasu can suka nufa. Amma wani mai jar hula ya zarce bakin ragar gabas, ya durƙusa daidai inda golan ya faɗi, ya sumbaci ƙasa, ya sa makullin babur ya yanko ciyawa ya ɗaga sama. Shi ke nan. Kafin ka ce me, ɗaruruwa sun rufu a wurin, da makullai da marafan kwalba da farce, kowa yana son ya kai gida ɗan yankin wurin da aka ci kofi. Ana cusawa a hula, ana cusawa a aljihu. Wani ya fizge cokalin haƙan daga hannunsa, ya ce na gode Baba.

Ya kutsa yana ture su yana cewa ku bari, tana da rai, ku bari. Wa zai ji shi? Sai ma wani ma'aikacin ƙofa ya gane shi ya yi shela cewa ga tsohon da ya saki ruwan. Nan take suka sure shi sama. Suka yi ta zagaya fili da shi a kafaɗa suna masa waƙa, suna cewa tsoho mai dabara, tsoho ya kayar da gola. Daga can saman kawunansu yake hango wurin yana raguwa, kore da rawaya suna tafiya, jar ƙasa tana fitowa. Yana kuka, su kuwa suka ɗauka na murna ne, suka ƙara ɗaga shi.

Washegari da safe ya je karɓar takardarsa. Bai samu takarda ba, sai runguma. Manaja, wanda tun asuba yake gidajen rediyo yana bayanin yadda shi da ma'aikatansa suka yi nazarin filinsu, ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya ce maganar jiya zafin wasa ne, a manta. Ya ce za a ba shi lambar yabo. Ya rage murya ya ce kakar wasa mai zuwa ma, in babban wasa ya zo, a san yadda za a yi. Shekara goma sha tara yana fitar da fili lafiyayye ba wanda ya taɓa ce masa sannu, yau ga lambar yabo.

Ya fita ya je gabas. Rami ne. Sun kwashe har da ƙasar sama da ya yi shekaru yana haɗawa da taki da yashi, sun bar masa marafan kwalba da takalmi ƙafa ɗaya. Ya tsaya iya tsayuwarsa ya juya gida.

A tsakar gida ya tarar da Sharhi zaune a kan tabarma, murya ta dushe, ragowar kala a bayan kunne. Matar Mai Ciyawa tana gefe tana yi wa mijinta wani kallo na ka yi haƙuri. A gaban Sharhi ga faranti, a kan farantin ga yankin ciyawa mai faɗin tafin hannu biyu, an yanko shi da kyau da ƙasarsa. Sharhi ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce ai jiya Baba ya fitar da su kunya, yanzu duk layinsu an san shi surukin wane ne. Ya ce wannan daga daidai inda ƙafar golan ta zame ya samo shi, sai da ya yi dambe da mutum biyu.

Mai Ciyawa ya tsuguna ya ɗauki yankin ya juya shi. Saiwar fara sol, a cike, da danshinta. A sama kuma, tsakanin ragowar fentin, har wani ɗan tsiro ya fara turo kai cikin dare ɗaya. Ashe ruwan ya isa. Da an bar ta, da ta tashi.

"Baba, gilashi zan sa a yi mata in rataye a shago," in ji Sharhi. "To amma ina tsoron kada ta ci gaba da tsiro ta ɓata fentin, ka ga shi ne tarihin. Na ce ba wanda zai san yadda za a yi sai kai."

Matar ta buɗe baki za ta yi magana, mijin ya ɗaga mata hannu. Ya mayar da yankin kan farantin a hankali, ya gyara masa zama, ya goge yatsunsa a gefen riga.

"Ka juya ta, saiwar ta kalli rana," ya ce. "Kada ka ba ta ruwa. Kwana uku ya ishe ta."